Daga raƙumi zuwa batir: abin hawan da ya dace da lantarki a ƙasar Mai Yara

Tun da Nijeriya ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ruwa-ruwa da ake saidawa cikin kwalabe a bakin hanyoyin jahar Maraɗi ya tashi, ya kuma ja kuɗin hawan moto da na kai buhu kasuwa. Shi ya sa maganar ababen hawa masu aiki da lantarki ta wuce hirar ƙasashen Turai, ta zama tamu. Cikin wannan ɗan rubutu za mu dubi maganar ta fuskar tarihi. Mun ɗauki Mai Yara, ɗaya daga cikin komin biyar na kanton Kornaka a gundumar Dakwaro, sabili da mafi yawan garuruwanta sun yi nisa da abubuwa biyu da motar lantarki ke so, wato kwalta da babban layin wuta.

1. Abin da ya riga ya faru a Turai da Amurka

Motar lantarki ba sabuwa ba ce. A shekara ta 1899 wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya wuce gudun kilomita 100 a awa guda kusa da Paris, kuma motarsa da batir take aiki; babu motar da ta riga ta kai nan. Wajen 1900 kimanin sulusin motocin Amurka na lantarki ne. Amma Ford ya fito da motarsa mai araha a 1908, sannan a 1912 aka samu dabarar tada injin fetur ba tare da murɗa ƙarfe da hannu ba. Kafin shekara ashirin motar batir ta kusa ɓacewa daga manyan hanyoyi.

Dalilin faɗuwarta nauyi ne. Kilo guda na fetur yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat-awa 12, alhali kilo guda na batirin darma yana riƙe da wajen kashi ɗaya cikin 300 na wannan. Ko da an lura cewa injin fetur yana ɓarnatar da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa a zafi, tazarar tana nan da girma. Batirin litiyam na yau ya ninka na darma sau biyar ko shida. Ya rage tazarar ke nan, bai share ta ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne waɗanda suka tsira: jiragen ƙasa na cikin birane, kekunan ɗaga kaya cikin sito, da ƙananan motocin raba madara gida-gida a Ingila, waɗanda suka yi aiki da batir shekaru da dama bayan yaƙin duniya na biyu. Dukansu halinsu ɗaya. Hanyarsu sananniya ce, gajera ce, suna yawan tsayawa da tashi, kuma inda suka kwana jiya nan za su kwana yau. Wannan shi ne ma'aunin da za mu riƙe.

2. Yadda ababen hawa suka shigo ƙasar nan

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta kama hanyar kudu bisa raƙuma da jakai. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën ya ratsa Nijar ta Yamai da Damagaram, kuma sai da aka yi wa ƙafafunsu na baya sarƙar roba don kada rairayi ya riƙe su. Rairayin nan shi ne har yau mai yanke hukunci a arewacin Maraɗi. An buɗe ofishin mulki a Dakwaro a 1947, kuma cikin shekarun 1950 kamiyo ya ƙwace dogon zango daga hannun raƙumi.

Sai dai kamiyo bai kori jaki ba. Kowane sabon abin hawa yanki ɗaya na aikin yake ɗauka, ya bar saura. Amalanke, wadda aikin raya karkara na Maraɗi ya taimaka wajen yaɗawa tun daga 1977, ta ɗauki taki da dami da ruwa. Tsofaffin Land Rover da Toyota suka ɗauki ranar kasuwa. Bayan shekara ta 2000 motocin ƙafa biyu na ƙasar Sin suka cika karkara, suka ɗauki mutum ɗaya ko biyu da ɗan kayansu, har da marar lafiya. Saboda haka tambayar "shin lantarki zai maye fetur?" ba ta da amfani a ganinmu. Tambayar ita ce: wane yanki na aikin zai iya ɗauka?

3. Awo

Kamiyon da ke kwasar wake ko dabbobi zuwa Maraɗi da Jibiya ba mu daɗe a kansa. Batirin da zai ja shi ɗaruruwan kilomita nauyinsa ton-ton ne, kuma kowane ton na batir ton ne na wake da aka bari a ƙasa.

Motar kasuwa ta fi shi wuya ma. Yau tana wannan kasuwa, gobe tana waccan, an lafta mata kaya fiye da ƙima, tana haƙa cikin jigawa, kuma inda dare ya same ta nan take kwana. Ta saɓa wa ma'aunin ta kowace fuska.

Moto ita ce ta cika sharuɗɗan. Nauyinta bai wuce kilo ɗari da wani abu ba, batirin kilowat-awa 3 ko 4 ya ishe ta, kuma namiji ɗaya yana iya ciro shi ya sa wani. A kan wannan dabara ta musanyar batir kamfanin Ampersand ya fara aiki da ƴan kabu-kabun Kigali a 2019, daga baya aka ga irinta a Kwatano da Lome. Ɗan kabu-kabu yana da tasha, yana komawa gida kowane dare. Ranar ƙasar nan kuwa tana sa allunan kilowat guda su ba da wajen kilowat-awa 5 a yini, abin da ya cika batir ɗaya har da saura. A daidaita sahu, wadda ta bazu daga Kano tun 2005, ita ma ta dace, amma cikin birni irin Maraɗi. Ƙananan ƙafafunta uku ba na jigawa ba ne.

Dole mu sa waigi uku. Kilomita 70 ko 80 da ake faɗi ga batir guda awon kwalta ne, rairayi zai ci kaso mai yawa a ciki. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana gaggauta tsufan batirin litiyam. Na ukun shi ne gyara. Motar Sin ta ci karkara ne domin kayanta suna kowace kasuwa kuma yaro mai sifana biyu yana iya buɗe ta ƙarƙashin bishiya. Injin lantarki ba ya yawan lalacewa, gaskiya ne, amma ran da ya tsaya a Mai Yara, wa zai taɓa shi?

Akwai kuma maganar inda wutar za ta fito. Tun 1994 Maraɗi da Damagaram suke shan wuta ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris 2024. Wanda ya bar ruwa-ruwa ya koma ga wannan layi bai canza maƙwabcin da yake dogaro da shi ba, alhali fetur ko ba komi ana tace shi a SORAZ tun 2011. Don haka moton lantarki a karkara da hasken rana za ta rayu, ba da layi ba.

Saura amalanke. Ba mu ga abin da batir zai ƙara mata ba, tunda sa yana cin kara da harawa, yana ba da taki, a ƙarshe a saida shi da riba. Amma babban aikin shanu a ƙasar Dakwaro jan guga ne daga rijiyoyi masu zurfin gaba da yawa, da jigilar ruwan zuwa gida. A nan injin lantarki ya riga ya shigo, ta famfunan burtsatse masu aiki da hasken rana. Injin a kafe yake, ba ya ɗaukar nauyin batir ko kaɗan, tankin ruwa ne ma'ajiyarsa. Inda aka kafa allunan famfo, nan ne wurin da ya fi sauƙin ƙara wasu don cajin batirin moto, domin akwai shinge, akwai mai gadi, akwai kwamitin da ya saba karɓar kuɗin ruwa yana rubutawa.