Motar Kwana da Masu Wayarin na Hotoro

Wanda ya bi titin Maiduguri da hantsi, idan ya kai Hotoro wajen defon NNPC, tankokin mai ne za su fara cika masa ido. Sai ya rage tafiya kafin ya lura da wani mutum a gindin darbejiya, kwance rairan a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: filaya, sukundireba, salatif, da ƙwan fitila guda da aka ɗaura wa waya biyu. Mai wayarin ke nan, wasu su ce rewaya. Bakanike yana da injin da zai kwance kowa ya gani, mai gyaran jiki yana da gudumarsa, shi kuwa abin da yake farauta ba ya ganuwa, sai ƙwan nan ya kama ko ya ƙi kamawa.

Sana'ar ta biyo mota ne. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya manyan motocin Ingila irin su Bedford da Austin suka riƙa kwaso amfanin gona daga ƙauyuka zuwa tasha. Kusan dukkansu kayan wutar kamfanin Lucas ne a jikinsu, kuma har tsakiyar shekarun 1960 motocin Ingila da yawa kan batir na fosatif suke haɗawa da jikin mota, akasin yadda ake yi yanzu. Yaron da ya koyi aiki a lokacin da wannan ƙa'idar ya tashi.

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Sitiyari ya koma hagu, kuma duk wanda ya so a juya masa nasa, ba sitiyarin kaɗai ake ɗagewa ba: dashbod, agogunan mita, makunnan fitila, duk sai sun yi ƙaura, kowace waya sai an ƙara mata tsawo ko an rage. Shekara uku bayan nan, a 1975, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Daga baya Fiat ta zo Kano, Steyr ta tafi Bauchi, Mercedes ta sauka Inugu. Cikin ɗan lokaci mai wayarin na Kano ya wayi gari yana karatun ƙasashe huɗu ba tare da allo ba.

A waɗannan shekarun ne wasu baƙi suka saba da gari. Tun shekarun 1930 akwai motar fasinja ta wani kamfanin Faransa da ke tasowa daga Aljiyas ta ratsa Tamanrasset da Agadas da Damagaram ta ƙare a Kano. Wannan hanyar matasan Turai suka gada a shekarun 1970 da 1980. Wasu suna koro tsofaffin Peugeot 504 su sayar a Nijar, wasu suna zuwa ayari a bayan Bedford, wasu kuma a motar kwana, wadda aka fi sani ita ce Kombi ta Volkswagen da kamfanin Westfalia ya mayar ɗaki: gado, kabad, ɗan murhu, labule, wani lokaci har da firiji. Suna shigowa ta Kwangwalam da Daura, su yada zango a masaukin 'yan yawon buɗe ido na titin Bompai. Mai niyyar Kamaru da Bangi da Nairobi, idan ya huta, ta Hotoro zai fita ya nufi Wudil.

Hamada ba ta barin waya lafiya. Tsakanin Tamanrasset da Arlit tafiya ce ta kusan kilomita 600, mafi yawanta a lokacin ba kwalta, sai rairayi da ƙasa mai gargada da ke girgiza mota kamar ana tankaɗe. Girgizar tana kwance noti, tana goga waya a jikin ƙarfe har robarta ta cinye, ƙura kuma ta shige kowane makunni. Ita Kombi injinta da batirinta a baya suke, agoguna da akwatin fis a gaba, don haka wutar sai ta ratsa tsawon motar kafin ta kai dashbod. Ƙari a kan haka, mai motar ya riga ya jona nasa: fitilar karatu, famfon ruwa, batir na biyu don kada firiji ya shanye na tada mota. Kano ce babban birni na farko bayan hamada da ake samun kayan gyara da hannun da ya iya.

A nan ne gwaninta take, kuma abin ya cancanci a tsaya a kansa. A motar Jamus, waya mai ruwan ƙasa ita ce ta as, wadda ake ɗaurewa a jikin mota. A motar Ingila, waya mai ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta kai tsaye daga batir, ba fis a tsakani, baƙa ce ta as. Wanda ya ɗauki ƙa'idar Bedford ya kai ta Kombi, ko ta Kombi ya kai ta Bedford, hayaƙi zai gani kafin ya ɗaga kai. Jamusawa suna kuma buga lamba a jikin kowane mahaɗi: 30 wutar batir, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 as. Da motocin Japan suka zo, Toyota ta kawo nata, fara mai baƙin zane. Ga kuma tarkon shekara: Kombi da aka ƙera kafin 1967 batirinta na bolt 6 ne, wanda ya ɗora mata na 12 ya ƙone ƙwayayen fitilarta. Galibin masu wayarin ba su taɓa riƙe littafin kamfani ba. A bakin oga suka ji, a yatsa suka tabbatar.

Shi ya sa gyaran dashbod na irin wannan tsohuwar mota aikin haƙuri ne. Gwani ba ya fara yanka. Zai cire kan batir, ya kwance agogunan ɗaya bayan ɗaya, kowace waya ya ɗaura mata alama kafin ya zare ta. A bayan allon nan yakan tarar da tarihin motar kwance: inda wani ya murɗe waya biyu da hannu ya naɗe da salatif har ya narke ya zama danƙo, inda aka maye gurbin fis da zaren tagulla ko takardar kwalin sigari, wayar rediyon da aka cire tun tuni tana lilo da wuta a jikinta. Sau da yawa laifin ba na agogo ba ne, tsatsa ce ta ci inda aka ɗaure as, shi ya sa idan an kunna sigina fitilar burki take ƙifta ido. Ya goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure, allurar mai da ta yi shekaru a kwance ta motsa. Abin da ya karye kuma sai a tura yaro Ƙofar Ruwa ya tono shi a cikin tsofaffin ƙarafa.

Baƙin sun ɗauke ƙafa a farkon shekarun 1990, lokacin da tawayen Abzinawa ya tashi a arewacin Nijar, rikici kuma ya ɓarke a Aljeriya daga 1992. Kafin nan ma, faɗuwar Naira bayan 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari mutane, tsofaffin motoci 'yan Kwatano suka cika gari. Kowace shekara suna zuwa da ƙarin waya, har aka kai ga motar da ke da ƙwaƙwalwa, wadda ƙwan gwaji zai iya lalatawa idan aka soka shi inda bai dace ba. Matashin mai wayarin na yau na'ura yake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ya karanta lambar matsala a fuskar wayarsa ta hannu, kuma ya iya aikinsa.

Kombi ta ƙarshe ta fito daga masana'anta a Brazil a 2013. A Turai da Amurka tsofaffinta sun zama abin marmari, ana kashe maƙudan kuɗi a sabunta wayoyinsu. A Kano kuwa ta yi wuyar gani, kuma dattawan da suka san bambancin ruwan ƙasan Jamus da na Ingila suna ta raguwa, ba wanda ya zauna ya ɗauki bayaninsu. Waɗanda suka saura a garejin Hotoro yawanci tankoki suke bi yanzu, suna gyaran fitilun baya kafin direba ya kama hanyar Wudil.