Cocin Angilikan da muhawara kan jinsi a Littafi Mai Tsarki

Sama da shekara 25 ke nan mabiya ɗariƙar Angilikan a duniya suna saɓani kan matsayin mata da na masu auren jinsi a coci. Tushen saɓanin shi ne yadda kowane ɓangare yake fassara Littafi Mai Tsarki.

Masu riƙe da tsohuwar koyarwa suna kafa hujja da Farawa sura 1 da 2, inda aka ba da labarin halittar namiji da mace da kafuwar aure. Suna kuma kawo Littafin Firistoci 18:22 da Romawa 1:26-27, waɗanda suke ɗauka a matsayin hani bayyananne ga luwaɗi da maɗigo. Masu neman sauyi kuwa suna ganin ayoyin sun shafi al'adun zamaninsu ne, kamar bautar gumaka da cin zarafin marasa ƙarfi. Sukan dogara da Galatiyawa 3:28, mai bayyana daidaiton masu bi, da kuma Ayyukan Manzanni sura 8, inda Filibus ya yi wa baban Habasha baftisma.

Batun mata ne ya fara tasowa. A 1944 aka naɗa Florence Li Tim-Oi firist a ƙarƙashin cocin Hong Kong, ta zama mace ta farko a ɗariƙar. Cocin Ingila ya fara naɗa mata firistoci a 1994, sannan bishop mace a 2015. Cocin Najeriya bai amince da naɗa mata firistoci ba.

A taron Lambeth na 1998, bishop-bishop 526 suka goyi bayan ƙuduri mai lamba 1.10, 70 suka ƙi. Ƙudurin ya ce aure tsakanin namiji da mace ne, amma ya buƙaci coci ya saurari masu sha'awar jinsinsu, ya kuma kula da su. A 2003 cocin Episcopal na Amurka ya naɗa Gene Robinson, wanda ke zaune da abokin zama namiji, bishop na New Hampshire. Nan ɓaraka ta fito fili. Akbishop Peter Akinola na Najeriya yana cikin jagororin da suka shirya taron GAFCON a birnin Ƙudus a 2008. A 2022 cocin Najeriya da na Yuganda da na Ruwanda suka ƙaurace wa taron Lambeth.

A watan Fabrairun 2023, babban taron Cocin Ingila ya amince da addu'o'in sa albarka ga ma'aurata 'yan jinsi ɗaya, ba tare da sauya koyarwarsa kan aure ba. A Oktoban 2025 aka sanar da Sarah Mullally a matsayin Akbishop ta Kantabari, mace ta farko a wannan muƙami. Cocin Najeriya da GAFCON sun nuna rashin amincewarsu.

Abin da ya sa rikicin ya ƙi ƙarewa shi ne tsarin ɗariƙar: kowane lardi yana da 'yancin kansa, kuma Akbishop na Kantabari ba shi da ikon tilasta wa kowa hukunci. Dokokin ƙasashe ma sun bambanta. A Ingila auren jinsi ya halatta tun 2014, a shekarar da Najeriya ta fara aiki da dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu yin sa.