Sunayen da suka rage, masu su sun tafi

Ƴan uwa ɗalibai, abin da ya kai ni gida Filinge a hutun damina aikin makaranta ne. An ce kowa ya tattaro kalmomin karin harshen garinsu, ni kuwa na zaɓi yadda mu Kurfayawa muke juya "f" ta koma "h" ko "hw", mu ce Hilinge, hwara, hwari. Na ɗauki kaye da bik na zauna gaban kakana, tsohon maharbi wanda yanzu idonsa ya yi rauni. Na ce ya jero mini sunayen namun daji. Ya fara da barewa, gada, jimina, gwanki, kanki, sai ya ce mariri. Na ce, "Kaka, mi ne ne mariri?" Ya yi dariya ya ce, "Amarya, ashe lakwal ɗin taku ba ta kai nan ba? Hwarar dabba ta, ƙahonta dogo ya lanƙwashe baya kamar takobi. Can arewa munka gan su, hanyar Azawak. Ɗiyan yanzu ko a mahwalki ba su ganin ta."

Da na koma Yamai na bincika, sai na tarar mariri ita ce dabbar da ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, ta bayyana a shekarar 2000 cewa ta ƙare a daji ko'ina, sai waɗanda ke tsare a gidajen namun daji. Ke nan duniya ta rubuta mutuwarta tun kafin a haife ni, kakana ya san tafiyarta tun kafin duniya ta rubuta, ni kuwa jikarsa ko sunan ban gada ba. Wannan ne ya sa na ajiye zancen "hw" na bi tarihin ƙidayar.

Yadda dajin ya sirance

Ga wanda bai san wajenmu ba, Filinge tana kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a bakin Dallol Boso. Dallol tsohon kwarin kogi ne da ya taso daga Azawak ya gangara kudu har kogin Isa. Kogin ya daɗe da ƙafewa, amma ruwa na kusa a ƙarƙashin rairayi, shi ya sa gawo da aduwa da magarya suke tsayuwa, shi ya sa kuma Kurfayawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani suka haɗu a nan. Abin da ya jawo mutum shi ya jawo dabba.

Dajin bai ƙare dare ɗaya ba. Bindiga ta yawaita bayan zuwan Faransawa, daga baya mota ta shigo farauta, dabbar da take tsere wa doki ta kasa tsere wa inji. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci saura da makiyaya. Sai fari ya zo ya ƙarasa: na 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda Hausawan Nijar suka sa wa suna El Buhari. Kakana ya ce a waɗannan shekarun mutane anza suka jiƙa suka ci, itace kuwa aka sare aka kai kasuwa. Ya ce, "Wanda ɗiyanshi ke kuka, ba ya tambayar ko barewa nawa ta saura." Ban ga laifinsa ba.

Akwai wani abu a tarihinmu da ya kamata mu lura da shi. A ƙasar Kurfai hukuma ta tsaya ta ƙidaya saniya. Tun shekarun 1930 aka fara aikin zaɓen shanun Azawak a Filinge, a 1954 kuma aikin ya zauna a Tukunus, arewa da gari kaɗan. Can kowace saniya da lambarta, an san uwarta, an san nonon da take bayarwa. Irin Azawak yana nan har yau, ana nemansa har ƙasashen maƙwabta. A cikin waɗannan shekarun babu wanda ya buɗe wa jimina ko mariri rajista a yankinmu. Wadda aka rubuta ta zauna, waɗanda ba a rubuta ba suka tafi babu mai cewa ga ranar.

Duniya ta fara lissafi

A 1964 UICN ta kafa Jan Kundi, inda ake jera halittun da ke bakin ƙarewa, kowace da matakinta. A 1971 aka sa hannu kan yarjejeniyar Ramsar, a ƙasar Iran, don kare wurare masu dausayi, kuma a 2004 Dallol Boso ya shiga jerinta. Ita kanta kalmar da muke ji a aji, "biodiversité", yarinya ce: a tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro ta a Amurka. Ni da Hausa ina ce mata yalwar halittu iri-iri.

Babban taro shi ne na Riyo, a Barazil, a 1992, inda aka haifi yarjejeniyar kare wannan yalwar. Nijar ta tabbatar da ita a 1995, a 1996 ta kafa majalisar CNEDD mai kula da muhalli. Ƙidayar ƙasa da aka yi a 1998 ta ba da ire-iren tsirrai 2,124 da na dabbobi 3,200, a ciki har da masu shayarwa 168, tsuntsaye 512 da kifaye 112.

Daga nan alkawura suka biyo. A 2002 ƙasashe suka ce kafin 2010 za su rage saurin asarar, ba a cika ba. A 2010 a Nagoya, ƙasar Japan, aka tsara manufofi 20 da ake kira na Aichi. Da 2020 ta zo, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ko ɗaya ba a cika ta gaba ɗaya ba, shida ne kawai aka taɓa wani sashe nasu. Shekara guda kafin haka, a 2019, masanan IPBES sun ce kusan iri miliyan ɗaya ke fuskantar ƙarewa. A watan Disamba na 2022 a Monreyal, ƙasar Kanada, aka sake ɗaura niyya da manufofi 23. Wadda ta fi suna ita ce a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030.

Akwai kuma ma'aunin da ƙungiyar WWF ke fitarwa. Na 2024 ya ce garkunan dabbobin da ake bibiya sun ragu da kashi 73 cikin 100 a matsakaici, daga 1970 zuwa 2020, a Afirka kuwa kashi 76. A kula, ba a ce kashi 73 na dukan dabbobin duniya sun mutu ba. Matsakaicin raguwar garkunan da aka samu damar bibiya ne. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarar farawa. Ma'aunin ya ɗauki 1970 a matsayin mafari, alhali a 1970 kakana ya riga ya fara cewa daji ya lalace. Wanda ya zo kasuwa da la'asar ya ƙirga mutane, in ya ce kasuwa ta ragu da magariba bai yi ƙarya ba, sai dai bai ga cikarta da hantsi ba. Garken da ba a taɓa ƙirgawa ba kuwa, ko ya ƙare ƙaf, ma'aunin ba zai motsa ba.

Darasin raƙumin dawa

Kar ku ce ina raina ƙidaya. Ga inda ta yi rana, kuma kusa da gida. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma ya taɓa yaɗuwa daga Senegal har tafkin Cadi. Arewa da mu, tsallaken iyakar Mali, an keɓe gandun Ansongo da Menaka tun 1950, musamman dominsa. Gandun yana nan a taswira, raƙuman babu. Waɗanda suka tsira su ne suka gangaro kudu bayan shekarun fari, suka zauna a yankin Kure da cikin Dallol Boso, tsakiyar gonakin mutane, ba shinge ba waya.

A 1996 aka ƙirga su: 49. Duk duniya ke nan. Yadda ake ƙidayar ya burge ni. Zanen jikin kowane raƙumi nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsa, don haka ake ɗaukar hotonsa dama da hagu a buɗe masa shafi. Ƴan rakiyar ƙauyukan wurin, waɗanda suka san inda garke yake kwana, su ne idon aikin. Hukuma ta tsananta hana farauta, ƙungiyoyi suka kawo rijiyoyi da ƙananan basussuka don manomi ya ga wata riba a haƙurin da yake yi, domin raƙumin dawa yana cin wake a gona, yana cin mangwaro a garka. A 2008 Jan Kundi ya sa shi cikin masu fuskantar babban haɗari. Zuwa 2018 sun haura 600, aka sassauta matakin, a shekarar kuma aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabeji a jahar Maraɗi. Garken ya bazu har wajen Fandu, cikin gundumarmu ta Filinge.

Ita ma mariri ba ta tafi har abada ba. Daga 2016 aka fara sako waɗanda aka kiwata a tsare cikin dajin Cadi, suka hayayyafa, a ƙarshen 2023 UICN ta cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Da na gaya wa kakana, shiru ya yi, can ya ce, "To, a gaishe ta."

Sai dai ƙidaya tana son zaman lafiya. Ranar 9 ga watan Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a yankin Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin ƴan rakiya ya yanke. Mu ƴan arewacin Tillaberi mun san sauran zancen: akwai dazukan da yau ba mai bincike, ba ma'aikacin gandun daji da zai shiga da kaye a hannu. Mutumin da ya rage a wurin shi ne makiyayi da manomi da mai sassaƙa. In ba a tambaye su ba, shafin yankinmu a rahoton 2030 fari zai fita.

Kundin da ke bakin tsofaffi

Nan ne karatunmu na harshe ya shigo. Harshe ma kundi ne, kuma ya girmi 1970 nesa ba kusa ba. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin barewa tana gudu ba. Muna kiran jarumi zaki, muna tsorata yara da kura. Karin magana ba ya kama bakin mutane sai sun san abin da idonsu. Haka sunayen wurare: duk inda kuka ji tudu ko tafki ko unguwa da sunan wata dabba ko wani icce, alama ce ta abin da ya taɓa zama a wurin, ko da yau fili ne fetal.

Amma kalma tana tsufa mataki-mataki. Kakana ya san mariri da ido, ya san sawunta da lokacin zuwanta. Babana ya san sunan, ya san dabba ce. Ni ban san komai ba. Ƙanena da na tambaya ya ce ko sunan wani gari ne. Haka abin yake ga itatuwa. Kakata tana bambanta sabara da geza da taramniya da kalgo tun daga nesa, ta san wanda ake ba mai jego da wanda ake yi wa ciwon ciki. Mu duk "icce" muke cewa. Wanda bai san sunan abu ba, ba zai lura ranar da ya ɓace ba.

Ita yarjejeniyar Riyo ta san da haka. Sashenta na 8(j) ya ce a mutunta sanin mutanen ƙasa, a adana shi. Sai a 2024, a taron Kali na ƙasar Kolombiya, aka kafa wa wannan sashe zaunannen kwamiti, bayan shekara 32. Mu ma muna da shaidar gida. A jahar Maraɗi, daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. Da masu bincike suka zo da hotunan tauraron ɗan Adam bayan shekara ashirin, sai suka tarar da kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar. Manoma sun gama aikin kafin ma'auni ya iso.

Abin da nake roƙo

Ba mu da jirgin ƙidaya, ba mu da kuɗin zuwa taron ƙasa da ƙasa. Muna da kaye, muna da salula mai ɗaukar murya, muna da tsofaffi. In hutu ya zo, kowa ya zauna da nasa. A tambayi sunan dabba da tsuntsu da ciyawa da icce, da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak. A tambayi inda aka gan shi, da ganin ƙarshe. Tsoho ba zai ce 1984 ba, zai ce shekarar El Buhari, ko zamanin Diori, ko kafin a yi kwalta, kuma duk waɗannan ana iya mayar da su lissafi. A rubuta yadda ya furta, kar a gyara masa zuwa Hausar Kano. In mun dawo mu haɗa, mu nemi ƴan uwanmu na sashen aikin gona da na kimiyyar halittu su sa mana sunayen Latin a gefe, don masu rahoto su iya karantawa.

Ranar da zan komo Yamai na je sallama. Kaka ya riƙe hannuna ya ce, "Amarya, kin rubuta tuje? Kin rubuta gauraka?" Na ce na rubuta. Ya ce, "Akwai saura, sun ɓace mini. In kin komo da rani, wataƙila sun dawo." Na bar shafuka goma babu rubutu a ƙarshen kayen. Allah ya kai mu rani da shi, ya kai ku ga naku tsofaffin lafiya.