TARIHIN MAKO: Dutsen Kwatarkwashi da Shahadar Waziri Ahmadu

Duk ɗan Mafara, Bakura ko Maradun da ya taɓa bin hanyar Funtua ya san dutsen nan da ke tare ido bayan an wuce Gusau. Da yawanmu daga tagar mota kawai muka san shi. Mutanen dā kuwa da ƙafa suka san shi: sun zauna jikinsa don tsaro, samari na bin siraran hanyoyinsa har ƙololuwa lokacin bikin kamun maiki.

Amma babban labarinsa na 1903 ne. Ranar 3 ga Fabrairu Turawa suka ci Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Kan hanyar komawa ya sulale da dare, rundunar ta rabu. Wambai Abbas ya nufi Kano ya yi mubaya'a, aka naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu ya ƙi. A ƙarshen watan ya gwabza da dakarun Wallace Wright kusa da Kwatarkwashi, nan ya faɗi, Kanawa suka sa masa Mai Shahada. Wright kuwa Ingila ta ba shi lambar Victoria Cross.

Yau rashin tsaro ya sa ko ɗalibai ba a yarda a kai su hawa ba, dattawan da suka san hanyoyin kuma suna ta ƙarewa.