Wa ke riƙe da tiyar da ake auna littafin ɗan lekol?

 An koma lekol, kuma tun makon jiya kiranku yake shigo mana kan abu guda: takardar kayan karatu da yara suke kawowa gida. Wani uba ya ce ya sayi littafin karatu na CE1 a kasuwa jika biyu da rabi, yaro ya kai kilas, mushe ya ce ba da shi ake aiki ba. Ya tambaye mu, to wa ke cewa wannan littafi ya yi, wancan bai yi ba? Minti biyu na waya ba su isa amsa ba, shi ya sa muka zauna muka rubuta.

A kasuwar hatsi kowa ya san tiya. Littafin lekol ma yana da tasa tiyar, ita ce tsarin karatu na gwamnati, wanda malamai suke ce ma porogaram: abin da yaro zai sani a kowane aji, da harshen da za a koya mishi. Littafin da ya cika ta ya shiga kilas, wanda bai cika ba ya tsaya waje. Amma tiyar nan ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne suka ƙera ta, kuma an sake ta ya fi sau ɗaya.

Ta farko a Dakar aka ƙera ta. A 1903 gwamna janar na Afirka ta Yamma ta Faransa ya sa hannu kan dokokin da suka tsara lekol a duk yankin, kuma mu nan muna can ƙarshen igiya. Georges Hardy, wanda ya riƙe sha'anin ilimi na yankin a shekarun yaƙin duniya na farko, ya wallafa littafi a 1917 mai suna Une conquête morale, wato cin ƙasa ta hanyar zukata. Sunan kaɗai ya faɗi abin da ake aunawa. Littafi mai kyau a wancan lokaci shi ne wanda zai koya ma ɗan ƙauye faransanci daidai aikin tafinta ko magatakardan kumandan, ya kuma nuna mishi cewa zuwan Nasara alheri ne. A littattafan tarihinsu Samori azzalumi ne mai zubar da jini. Abin da tsofaffin Birnin Ƙonni suka gani da idonsu a 1899, lokacin da ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone garin, da tsayuwar Sarauniya Mangu a Lugu a wannan shekara, ba irin hatsin da wannan tiya take aunawa ba ne.

Daga wannan zamani ne Mamadou et Bineta na André Davesne ya fito, wajen 1930. Mu faɗi gaskiya, littafin ya yi aikinsa. Yana bin yaro harafi bayan harafi, gaɓa bayan gaɓa, kuma har yau in ka zauna da tsohon ma'aikaci mai ritaya zai rantse maka ba a sake yin kamarsa ba. Ana sayar da shi har gobe a shimfiɗar masu littattafai. Sai dai a tuna yara nawa suka riƙe shi, kuma da wane bulala. Yaron da Hausa ta suɓuce mishi a filin lekol, sambol ake rataya mishi. Wasunmu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1990 mun tarar da ragowar wannan al'ada.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Faransawa da kansu suna kiran wannan karatu wanda aka daidaita da ƴan ƙasa, kuma malaman Afirka da suka fito daga makarantar William Ponty, inda Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu, sun gane cewa daidaitawar nan ragi ce: satifiket ɗinka ba ya kai na ɗan Faransa. Saboda haka bayan yaƙin duniya na biyu abin da ƴan boko suka nema shi ne a ba su tiya ɗaya da ta Paris. Suka samu. Sakamakon shi ne yaro a Tasawa yana hardace kogunan Faransa. Taron Brazzaville na 1944 kuwa ya riga ya ce faransanci kaɗai ne harshen koyarwa. Kun ga kenan, an gudu daga ragi an faɗa cikin aro.

Da aka samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lekol ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma littattafan daga kamfanonin ɗab'i na Faransa suke zuwa, waɗanda ake bugawa don ƙasashen Afirka masu faransanci gaba ɗaya. An canza sunaye da hotuna, amma littafi ɗaya ne daga Dakar har Fort-Lamy. An gwada koyarwa ta talabijin daga 1964, aka yi shekaru ana yi, aka bari.

Inda labarin ya shafe mu kai tsaye shi ne nan. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita baƙaƙen rubuta harsuna irin su Hausa, Zarma, Fulfulde, Tamajaq da Kanuri. A 1973 aka buɗe lekol ta gwaji ta farko a unguwar Zangon Damagaram, inda yaro yake fara karatu da lissafi cikin Hausa, faransanci ya shigo sannu a hankali. Shekara ɗaya bayan haka, a 1974, aka kafa INDRAP a Yamai, cibiyar da aka ɗora ma nauyin binciken koyarwa da rubuta littattafan lekol. Karon farko kenan da masu rubuta littafin da masu auna shi suka zama ƴan ƙasa, malamai da anspektoci da suka san mene ne kilas ta zana a watan Afrilu.

Yaya awon yake? Ana ɗaukar porogaram a shimfiɗa, a bi littafin darasi darasi. Duk abin da aka ce a koyar a wannan aji yana ciki? An jera shi daga mai sauƙi zuwa mai wuya? Darussan za su shiga cikin makonnin shekara? Akwai kuskure a lissafi ko a taswira? Jimlolin ba su fi ƙarfin ɗan shekara bakwai ba? Sannan hotuna: yaro zai gane abin da aka zana, kuma ba kullum yarinya ce ke daka yaro na karatu ba? Ƙarshe a duba takarda da ɗinki, don littafin gwamnati ana son ya yi shekaru yana wucewa daga hannu zuwa hannu. In an bi ƙa'ida, sai an gwada shi a wasu kilas kafin ma'aikatar ilimi ta amince da shi. A ganinmu wannan gwajin ne ya fi komai, kuma shi ne ya fi saurin faɗuwa in kuɗi ko lokaci suka ƙure.

Kuma sun ƙure. Shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, da yajin aiki, da shekarun da aka soke karatu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi dare ɗaya. Mu da muka shiga CI a bayan nan mun san zaman mutum uku ko huɗu a kan littafi guda, na gefe yana karatu da wuya a karkace. A irin wannan hali ba wanda ke tambaya ko littafin ya cika tiya. Akwai shi ma?

A kan takarda kuwa an ci gaba. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda ake kira LOSEN, ta ce harshen uwa ne harshen koyarwa a farkon firamare. A 1999 aka fitar da ƙa'idar rubuta Hausa ta hukuma, mai harafin ƴ da muke amfani da shi a nan. A 2001 doka ta lissafa harsunan ƙasa guda 10. Amma lekol masu harshe biyu suka ci gaba da zama ƴan tsiraru, ana ce musu na gwaji shekara talatin bayan Zango.

Sai wata tiya ta zo daga waje, wadda ba littafi take aunawa ba, yaro take aunawa. Binciken PASEC na 2014 ya nuna kusan 9 cikin 10 na yaran da ke ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Littattafan da ke hannunsu, inda akwai su, duk sun bi porogaram. Ba littafi kaɗai ke da laifi ba, akwai horon malamai da cunkoso da kwanakin da ba a karatu. Amma daga nan ya yi wuya a ce littafi ya yi don kawai ya dace da takardar ma'aikata.

Yanzu kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki. Ranar da wannan zai sauka cikin kilas, tambayar wancan uba za ta dawo da ƙarfi. Littattafan Hausa daga Kano da Zariya suna ƙetarowa ta Ɗan Isa da Magarya, masu kyau ne da yawansu, amma don tsarin karatun Najeriya aka rubuta su, da tarihinta da kuɗinta da rubutunta. Namu kuma wace Hausa za su ɗauka, ta Damagaram, ta Katsinar Maraɗi, ko ta Adar da ke cewa hwara inda wasu ke cewa fara? Kuma ɗan Tilaberi ko ɗan Difa da bai tashi da Hausa ba, da wace tiya za a auna nashi littafin? In ba a kula ba, sambol ɗin da muka sha za mu rataya ma wani.

Shi kuwa uban da ya kira mu, mun ce ya turo hoton bangon littafin da shafin farko. Da muka duba, littafi ne na gaske, ba jabu ba, sai dai an buga shi don porogaram na wata ƙasa ta bakin teku, darasi na uku ma kan gonar koko ne. Mun ba shi shawara ya je wajen diraktan lekol ya nemi a rubuta mishi sunan littafin da ma'aikata ta amince da shi kafin ya sake fitar da kuɗi. Ya mayar da wancan kasuwa, mai shimfiɗa ya karɓa, ya cire dala arba'in don yaro ya riga ya rubuta sunansa a ciki.