Daga Kantun Gishiri Zuwa Ƙwayar Magani: Maƙoƙo da Lokacin Cin Abinci a Iyakar Jibiya

An saba rubuta tarihin Jibiya a matsayin tarihin hanya: fatake, shingen kwastan, da motocin da ke bi ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898, 1904 da 1906 sun raba ƙasar Katsinawa gida biyu, amma tukunyarsu ta ci gaba da zama ɗaya. Ni kuwa sawun wata cuta da ta daɗe tare da wannan tukunya nake son bi, wato maƙoƙo, in nuna yadda maganarta ta tashi daga abin da aka ci ta koma lokacin da aka ci shi.

Maƙoƙo kumburin wata halitta ce da ke gaban wuya, wadda likitoci ke kira tayirod. Aikinta samar da sinadarin da ke daidaita kuzarin jiki, kuma ba ta iya yin sa sai da aidin. Ƙasar da ta yi nisa da teku takan yi ƙarancin aidin, kuma kantun gishirin da ayarin Buzaye ke ɗaukowa daga Bilma ta Agadas ba a ƙara masa komai. Gero ma, kamar yadda bincike a yammacin Sudan ya nuna, yana da sinadaran da ke rage wa tayirod ƙarfi idan aidin ya yi ƙaranci.

Magani ya ɓullo ne daga nesa. A 1891 wani likitan Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata allurar ruwan tayirod na tunkiya, ta farfaɗo. A 1914 Edward Kendall ya tace sinadarin tayiroksin a Amurka, sannan a 1927 Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin bincike. Nijeriya kuma ta wajabta sanya aidin a gishirin ci a 1993. Maƙoƙon ƙarancin aidin ya ragu, amma akwai waɗanda tayirod ɗinsu ya raunana ko aka cire shi da tiyata. Yawancinsu ƙwayar lebotayiroksin za su sha iya rayuwarsu.

A nan ne gizo ke saƙa. Ƙaramin hanji ne ke tsotse ƙwayar, kuma ko ciki babu komai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari ne ke shiga jini. Abinci yana rage wannan kaso. Shi ya sa ake shan ta da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ko lokacin kwanciya, sa'o'i uku zuwa huɗu bayan abincin dare. Ƙwayar kalsiyam da maganin ƙarin jini suna ɗaure ta a cikin hanji, don haka ake raba su da ita da sa'o'i huɗu. Madara, kofi da waken suya su ma suna tare mata hanya.

Da na auna wannan ƙa'ida da safiyar Jibiya, sai na ga inda ɓarakar take. Direban da ke jiran a buɗe shinge yakan fara da teburin mai shayi, kofi cike da madara. 'Yar kasuwa takan karya da fura da nono ko awara. Mai juna biyu tana karɓar maganin ƙarin jini a wurin awo, ta haɗiye shi tare da ƙwayar tayirod, alhali a lokacin ne ita da jaririnta suka fi bukatar sinadarin. A watan azumi kuwa sahur da buɗa-baki kan matse lokacin, sai an shirya da likita tun kafin ganin wata. Saboda maganin yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini, illar ba ta bayyana nan take. Kasala da jin sanyi su dawo a hankali, a zargi maganin da zama jabu, ko a ƙara yawansa ba dalili.

An rufe wannan iyaka a Agustan 2019, aka buɗe a Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Kowace rufewa ta jefa mai neman likita ko magani a ƙetare cikin zullumi. Amma samun ƙwayar rabin aiki ne. Takardar da ke cikin kwalinta da Turanci ko Faransanci take, mai shan ta kuwa da Hausa yake cin abinci. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: matsalar Jibiya ita ce ta Maraɗi. Ina ganin bashin da ya rage kan masu harhaɗa magunguna na ɓangarorin biyu shi ne su faɗa wa majinyaci da harshensa: sha da ruwa bayan sallar asuba, shayi da fura su jira hantsi.