Ƙasa da Azara: Yadda Babban Gwani Ya Ɗaga Rufin Masallacin Zariya

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana tsaka da sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufto kan masallata, aka yi asarar rayuka. Jimamin mutanen da aka rasa shi ya cika zukata, kuma haka ya kamata. Sai dai ginin da ya rufta ɗin ya kusa shekara 190 a tsaye, kuma masana tarihin gine-gine sun daɗe suna ƙidaya shi cikin ƙololuwar abin da maginan ƙasar Hausa suka taɓa yi da ƙasa.

An gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai wannan suna.

Kafin a gane girman aikinsa, sai an san matsalar da ke gaban kowane magini a wancan zamani. Ɗaga bango ba shi ne wahala ba: a kwaɓa birji da ciyawa, a murza tubali mai siffar ƙwai, a shanya shi a rana, a jera. Wahalar tana wajen rufi. Itacen da ake dogara da shi shi ne azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya. Tana da ƙwari, gara ba ta cika cin ta ba, amma idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasa, tazarar da za ta iya ɗauka ba ta wuce kusan mita 2 ba. Wanda ke son zaure mai faɗi, ke nan, sai ya cika shi da ginshiƙai. Ga masallacin Juma'a kuwa wannan cikas ne babba, domin ginshiƙi yana yanke sahu, yana tare wa mamu ganin liman.

Maganin da magina suka samo shi ne baka, ko bakan gizo. Ana dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, a ɗan karkatar da ita ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa. Idan ta sha iska ta bushe, sai a ɗora wata a kanta, ta zarce ta farko tsawo, ta fi ta karkata. Haka ake yi daga ɓangarori biyu, gaɓa bayan gaɓa, har hannuwan su haɗu a sama. Ba a kafa wani katako a ƙasa don tallafa wa aikin. Kowace gaɓa ita ke riƙe da mai bi mata. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, sai a sami abin da magina ke kira ɗaurin guga, kuma a kansa ake shimfiɗa gajerun azara a zuba ƙasa, tulluwa ta fito.

Duk wanda ya kalli wannan baka zai iya zaton irin na Rumawa ne, amma kamar kumbo ce kawai, ba kamar katanta ba. Bakan Rumawa duwatsu ne da ke matse juna da nauyinsu. Na Hausa kuwa azara ce ke jure ja da lanƙwasa, ƙasa kuma tana riƙe ta a wurinta tana kare ta. A ma'anar aikin injiniya, ya fi kusa da kankare mai rodi a ciki.

Durugu bai ƙirƙiri baka ba. Ya tarar da shi a fadoji da gidajen manya. Abin da ya yi shi ne ya kai shi inda ba a saba kai shi ba. Ya tara nauyin rufin a kan ginshiƙai masu kauri ƙwarai, ya cilla bakuna daga wannan zuwa wancan, ya jera tulluwa a kansu, har zauren sallah ya buɗe. Adon da ya yi wa ginshiƙan zane ne mai zurfi da aka tsaga a jikin ɗanyar ƙasa, layuka da kusurwoyi, wanda haske da inuwa ke fito da shi. Daga waje kuwa, a asalinsa, ginin ba ya alfahari. A da, a harabarsa akwai ƙofofin shiga da wuraren alwala, da kuma ɗakin shari'a, abin da ya dace da tunanin sabuwar daular da ta biyo bayan jihadi game da kusancin salla da hukunci.

Labarin baka ya ce daga baya Sarkin Birnin Gwari ya sa Durugu ya gina masa masallaci, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Larabawa ma suna da makamancin wannan a kan Sinimmar, maginin fadar Hawarnaƙ, wanda aka ce an jeho shi daga saman abin da ya gina. Yawan yawon irin wannan labari tsakanin al'ummai ya isa ya sa a karɓe shi da taka-tsantsan, amma yana nuna matsayin da mutane suka ba mutumin.

Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda da ba ya yafewa: ruwa. Kowace shekara kafin damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, an shafe rufi da laso mai haɗin katsin marina. Wannan aiki yana da masu shi, magina da suka gaji sana'ar ƙarƙashin Sarkin Magina, waɗanda suka san inda bango ke fara ciwo. Da siminti da kwano suka zo a ƙarni na 20, sana'ar ta ragu, kuma siminti a jikin bangon ƙasa yakan kulle laima a ciki maimakon ya bar ta ta fita. A shekarun 1970 an yi wa masallacin na Zariya sabon gini na zamani wanda ya lulluɓe tsohon zauren, aka rasa wasu sassa na asalin harabar.

Sa'ar da aka yi ita ce, kafin wannan sauyi, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla. Da waɗannan zane-zane aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, kusa da kwafin wani yanki na ganuwar Kano. Shi ma da ƙasa da azara aka yi shi, kuma ruwan Jos ya fi na Zariya yawa.